Darasi na Tara: Frank Bowden, Mai Keken Raleigh

A rumfar masu gyaran keke, a Zongon Parakou ko a gefen babbar kasuwar Djougou, har yau akan ci karo da wani tsohon baƙin keke mai nauyi, mai birkin ƙarfe da manyan tayoyi. Fenti ya koɗe, sirdi ya sha ɗinki, amma ƙashin bai lanƙwashe ba. In kun samu irinsa, ku sunkuya ku duba goshinsa, ƙasa kaɗan da ƙaho. Za ku ga ɗan tambari ɗauke da kan tsuntsu mai dogon wuya da dogon baki. Zalɓe ne. A jikin tambarin an rubuta Raleigh, an kuma rubuta Nottingham, garin da aka ƙera shi a Ingila. Shi ne keken da iyayenmu ke kira Rale, wanda a zamaninsu saurayi kan ɓace daga gari ya tafi ci-rani, ba don komai ba sai don ya dawo gida a kansa.

Darasin yau a kan mutumin da ya ɗaukaka wannan suna ne, Frank Bowden. Tun daga farko ku riƙe abu guda: ba shi ya ƙirƙiro keke ba, kuma ba maƙeri ba ne. Mai saye ne. Ya sayi keke, keken ya yi masa, sai ya bi sawu har inda ake ƙera shi, ya zuba kuɗi, a ƙarshe maƙerar ta zama tasa.

Keke kafin Bowden

Keken da ake hawa a Ingila a shekarun 1870 ba za ku yi sha'awar hawansa ba. Tayar gaba doguwa ce, takan kai ƙirjin mutum, ta baya kuwa 'yar mitsitsiya. Ba shi da sarƙa. Feda a jikin tayar gaba take, mahayi kuma yana can bisa, in ɗan dutse ya tare shi sai ya kifa ta ka. Samari masu jini a jika kaɗai ke iya masa. Cikin waɗanda suka yi suna wajen ƙera shi akwai James Starley, ɗan manomi, wanda ya fara da aikin lambu, ya koma ƙera keken ɗinki a garin Coventry, daga nan ya shiga keken hawa.

A 1885 ɗan ɗan'uwansa, John Kemp Starley, ya fito da wani keke mai suna Rover: tayoyi biyu kusan kai ɗaya, sirdi a tsakaninsu, sarƙa na juya tayar baya. Fasalin da muke hawa ke nan har yau. Bayan shekara uku, a 1888, wani likitan dabbobi a garin Belfast, John Boyd Dunlop, ya yi wa keken ɗansa taya mai iska. Kafin nan roba ce zalla ake liƙa wa ƙarfe, duk ramin da aka faɗa sai ƙashin baya ya ji. Da sarƙa da taya mai iska suka haɗu, keke ya zama abin hawan kowa, dattijo da mace da leburan masana'anta da mai raba wasiƙa. Afirka ma ta ji a jikinta, don ƙishirwar robar taya na cikin abin da ya sa mutanen Sarki Leopold na Beljiyam suka riƙa kora al'ummar Kongo daji tatsar roba a shekarun 1890, da azabar da har yau ba a manta ba.

Asalinsa da aurensa

An haifi Frank Bowden ran 30 ga Janairu, 1848, a yankin Devon, kudu maso yammacin Ingila. Sunan mahaifinsa William. Gidansu ba gidan sarauta ba ne, sarautar da za ku ji an ambata nan gaba shi ya jawo wa gidan. Ya koyi aikin lauya, kuma yana da shekara ashirin da 'yan kai ya shiga jirgin ruwa zuwa Hong Kong, wata tashar ciniki a gaɓar ƙasar Sin wadda ke hannun Ingila a lokacin. A can ya yi arziki, ta hanyar sayen filaye da gidaje da hannun jari.

Bari mu tsaya kan hannun jari, don duk labarin nan a kansa yake juyawa. In kamfani na bukatar kuɗi, sai a kasa mallakarsa kashi-kashi, a sa wa kowane kashi farashi, a sayar. Wanda ya sayi kashi ɗari cikin dubu, ushirin kamfanin nasa ne: ushirin riba nasa, ushirin asara ma nasa. Wanda kuwa ya tara fiye da rabi, maganarsa ce ke ci a wurin shawara, ko da bai san yadda ake riƙe guduma ba. Wannan ilimin Bowden ya koyo a Hong Kong, kuma ya fi kuɗin da ya tara amfani a gare shi.

Ya samu dukiya, ya rasa lafiya. Daga Hong Kong ya wuce Kalifoniya a Amurka, inda a 1879 ya auri Amelia Frances Houston, 'yar wani gidan masu hali. A birnin San Francisco aka haifa musu ɗansu Harold ran 9 ga Yuli, 1880. Ku lura da wannan yaro, za mu sake haɗuwa da shi.

Da iyalin suka koma Ingila a shekarun 1880, jikin Bowden ya ƙi daɗi. Labarin da ake bayarwa shi ne likitoci sun ce masa bai fi wata shida ya rage masa ba, sai wani likita ya ba shi shawarar ya riƙa hawan keke. Ya fara da mai ƙafa uku, ya yi ta yawo da shi har ƙasar Faransa, jiki ya dawo. Mutumin da aka yanke wa wata shida sai da ya ƙara shekara talatin da wani abu a duniya, rai ga Allah yake. A 1913 har ɗan littafi ya rubuta kan amfanin keke ga lafiya. Ban ce labarin ƙarya ne ba, amma mai sayar da keke ba zai samu tallan da ya fi wannan ba, kuma Bowden ya san da haka, bai bar labarin ya kwanta ba.

Maƙerar da ke titin Raleigh

Nottingham garin leshi ne. Da yawa cikin leshin da ake sayarwa a duniya a wancan zamani daga injinan garin yake fitowa, kuma inda injina suka yi yawa, masu gyaransu kan yi yawa. A 1885 mutum biyu da suka goge a wannan aiki, Richard Woodhead ɗan yankin, da Paul Angois Bafaranshe, suka buɗe 'yar maƙerar keke a wani titi mai suna Raleigh. Babu wani mai suna Raleigh a cikinsu, sunan titin ne ya bi keken. A 1887 wani William Ellis, shi ma daga sana'ar leshi, ya shigo da ɗan jari. Ma'aikatansu ba su wuce shida ba, suna fitar da keke kamar uku a mako, kuma su ɗaya ne cikin maƙeran keke 15 da ke garin.

A cikin 1887 ɗin Bowden na neman sabon keken nan mai sarƙa, sai ya hangi na Raleigh a tagar wani kanti a titin Queen Victoria a Landan. Ya saya, ya yi doguwar tafiya da shi, ya ga aikin mai kyau ne. Wani da sai ya yaba ya wuce. Shi sai ya biya ta Nottingham ya ga masu yi. Ya sayi kason Ellis, aka sake shiri, a watan Janairu 1889 aka yi wa kamfanin rajista da sunan Raleigh Cycle Company. Aka raba aiki: Woodhead na kula da ma'aikata da ƙira, Angois na zana fasali, Bowden na riƙe da kuɗi da kasuwa.

Abin da Bowden ya kawo shi ne abin da maƙeran biyu ba su da shi. Ya kama wata tsohuwar masana'antar leshi mai benaye a titin Russell, aka cika ta da injina. Ya naɗa wakilai masu sayarwa a garuruwa da ƙasashen waje. Ya kuma gane cewa mutane kan sayi keken da suka ga ya ci tsere, sai ya jawo zakaran tseren Amurka, Arthur Zimmerman, wanda ya ci gasar duniya ta farko a birnin Chicago a 1893, ya zama mahayin Raleigh. Jaridu suka ɗauka, oda ta yi ta shigowa. A 1896 aka buɗe sabuwar masana'anta a unguwar Lenton, a fili mai faɗin kimanin hekta uku.

Kafin a buɗe ta, Woodhead da Angois sun riga sun sayar da hannun jarinsu sun fita. A yau ko a Nottingham ba kowa ya san sunayensu ba, alhali hannunsu ne ya ƙera keken da Bowden ya gani a taga ya yaba.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kun san tela ko maƙeri ko mai walda wanda hannunsa ke da kyau amma aljihunsa babu nauyi, wani Alhaji ya ce, "Zo mu haɗa, ni kuɗi, kai aiki." Shekara biyar sai ka ga sunan Alhaji a allon shago, mai sana'a kuma ya zama ɗan albashi ko ya kama gabansa. Ba lallai a ce an yi zalunci ba. Woodhead da Angois sayarwa suka yi, an biya su, kuma da Bowden bai zo ba, wataƙila da sun ƙare a keke uku a mako kamar maƙwabtansu da aka manta. Sai dai a ganina mai sana'a ya kamata ya san abin da yake sayarwa ran da ya karɓi jarin wani: aikinsa kawai, ko har da sunansa da ikon shawara? Amsar a takardar yarjejeniya take, kuma wanda bai iya karatu ba, da bakin abokin cinikinsa zai ji abin da ke cikinta. Yana daga cikin dalilan zamanku a wannan aji.

Kasuwa ta faɗi, kamfani ya tsaya

A tsakiyar shekarun 1890 kowa a Ingila so yake ya zuba kuɗi a keke. Kamfanoni suka yi ta tsirowa, aka ƙera fiye da abin da za a iya saya, ga na Amurka masu araha suna shigowa. Kafin ƙarnin ya ƙare kasuwa ta faɗi, kamfanoni da yawa suka rufe. Raleigh ma ya jigata, sai da aka sake masa tsari a 1899. Bowden bai gudu ba. Ya jingina dukiyarsa, zuwa 1908 ya saye kason sauran masu jari, kamfanin ya zama na gidansa.

Abu biyu suka taimaka masa. Na farko, wajen 1900 suka koma yin mahaɗan ƙashin keken da ƙarfen da aka matse a inji maimakon na zubi mai saurin tsagewa, suka riƙa tallan cewa keken nasu ƙarfe ne tsantsa. Na biyu, giya mai hawa uku da ke ɓoye cikin cibiyar tayar baya, wadda aka yi wa rajista a 1902 da sunan Sturmey-Archer, kamfanin da ke yin ta kuma yana ƙarƙashin Bowden. Ƙura ba ta shiga, ruwa ba ya taɓa ta, mai hawa tudu ya samu sauƙi. Zuwa 1913 ana lissafa Raleigh a matsayin kamfanin keke mafi girma a duniya.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a kawar. Wayar birkin nan da ke cikin kube, wadda kuke gani a kekunan yanzu da babura, Turawa na kiranta da sunan Bowden. Ba Frank ba ne. Wani Ernest Bowden ne, mutumin Ayalan, ya yi mata rajista a 1896.

Me ke faruwa a Bargu a lokacin?

A shekarun da Bowden ke faɗaɗa masana'anta, abin sufurin ƙasarmu jaki ne da takarkari da kan ɗan'adam. Ayarin fatake kan taso daga Kano da Sakkwato da kanwa da tufafi da fatu, su tsallake Kwara, su ratsa Bargu, su yada zango a Nikki ko Parakou, su sauka a unguwar Wangara ta Djougou, sannan su miƙa Salaga a ƙasar Gwanja su sayo goro. Zangunan da muke zaune a cikinsu yau, wannan hanyar ce ta haife su.

A watan Nuwamba 1894 Kyaftin Lugard, wakilin kamfanin Ingila na Royal Niger, ya isa Nikki yana neman yarjejeniya da sarki. Bayan 'yan kwanaki Bafaranshe Decoeur ya iso da tasa takardar. Aka yi ta ja-in-ja har 14 ga Yuni, 1898, ran da Ingila da Faransa suka sa hannu a Paris suka raba Bargu biyu. Bussa da Kaiama suka faɗa hannun Ingila. Nikki da Parakou suka faɗa hannun Faransa, cikin mulkin Dahomi, tare da Djougou.

Wannan layin da aka ja shi ya raba mana kekuna. Kowane ɗan mulkin mallaka kayan ƙasarsa yake turawa. A ɓangaren Faransa manyan kantuna irin su CFAO kayan Faransa suka fi kawowa, sunan da aka sani kuwa Peugeot ne. Shi ma kamfanin gida ne, daga gabashin Faransa. Zarto da injin niƙan kofi suke yi kafin Armand Peugeot ya shigar da su harkar keke a 1882, tambarinsu kuma zaki. Da layin dogo mai kilomita 438 ya iso Parakou daga Kwatano a 1936, kayan teku suka samu hanyar zuwa arewa cikin sauƙi, Parakou ta zama inda jirgi ke sauke kaya motoci su ɗauka zuwa Nijar.

To ta ina Rale ya shigo? Ta inda goro da kanwa suka saba bi. Iyakar da aka ja a Paris ba ta hana ɗan Nikki cin kasuwa a ɓangaren Najeriya ba, kuma keke kaya ne da ke kawo kansa, hawa za ka yi ka tsallako. Ta yamma kuma akwai 'yan ci-rani. Mutanen Djougou sun daɗe suna zuwa Gwalkwas, wato Gana ta yau, har a zangunan Kumasi da Ankara ana kiransu Zugu. Gwalkwas ƙasar Ingila ce a lokacin, kantunanta cike da kayan Ingila, kuma keke na sahun gaba cikin abin da mai dawowa daga ci-rani ke son a gan shi da shi.

Sarauta da gado

A Yaƙin Duniya na Farko masana'antar Lenton ta koma ƙera kayan yaƙi da kekunan soja. A 1915 Sarki George na Biyar ya ba Bowden sarautar baronet, wadda ake gada daga uba zuwa ɗa, aka koma kiransa Sir Frank. Kan zalɓen da ke goshin keken daga tambarin gidan Bowden aka ɗauko shi. Ya rasu ran 25 ga Afrilu, 1921.

Harold, yaron da aka haifa a San Francisco, ya gaji sarauta da kujera. Bai ci gadon a kwance ba, don tun mahaifinsa na da rai yake aiki a kamfanin. A zamaninsa aka gina babban ofishi a titin Lenton Boulevard, aka ƙera babura, har da 'yar mota mai ƙafa uku, kafin a watsar da su a koma ga keke kaɗai. Shi ya shugabanci ƙungiyar wasannin Olamfik ta Ingila lokacin gasar Los Angeles ta 1932. A shekarar ce kuma Raleigh ya haɗiye kamfanin kekunan Humber. Sauran suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya: Rudge-Whitworth a 1943, Triumph a 1954, kekunan BSA a 1957. Tsofaffin masu gyara sun san waɗannan sunaye, wataƙila ba su san cewa daga baya duk daga gida ɗaya suke fitowa ba. A farkon shekarun 1950 kamfanin na ƙera keke fiye da miliyan ɗaya a shekara.

Wanda ya haɗiye wasu, shi ma aka haɗiye shi. Turawa suka samu halin sayen mota, cinikin keke ya ja baya a Ingila, a 1960 Raleigh ya shiga ƙarƙashin wani babban kamfanin ƙarfe mai suna Tube Investments, mai kekunan Hercules da Phillips. Harold ya rasu a watan Agustan shekarar, watan da Dahomi ta samu 'yancin kai. Sarautar ta wuce ga ɗansa, shi ma Frank, amma kamfanin ya bar gidan. Uba ya kafa, ɗa ya faɗaɗa, jika ya gaji suna.

Keken a hannunmu

Abin mamaki, lokacin da Turawa ke ajiye wannan baƙin keke, lokacin ya fi daraja a Afirka ta Yamma. Najeriya ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Raleigh a duniya, har kamfanin ya kafa masana'anta a Kano. Akwai wani sanannen hoton talla da aka riƙa liƙawa a kantuna: Baƙar fata a kan Raleigh yana murmushi, zaki na bin sa bai cim masa ba.

Ba talla ce ta riƙe shi ba, ƙirar ce ta dace da hanyoyinmu. Taya mai inci 28 ba ta damu da ƙananan ramuka ba. Birkin sandar ƙarfe ne, ba waya ba, in ya lanƙwashe maƙerin ƙauye zai miƙe shi. Murfi ya rufe sarƙa, ba ta cin bakin wando ko gefen babbar riga. Kariya kuwa, in mai walda ya ƙara mata ƙarfe biyu, sai ta ɗauki abin da waɗanda suka zana ta a Nottingham ba su taɓa mafarki ba: buhun gawayi, tulin doya zuwa kasuwar Arzèkè ta Parakou, jarkokin ruwa, buhun ƙwarar kaɗanya, akuya a ɗaure, wani lokaci mai naƙuda zuwa asibiti. Malamin makaranta, ɗan aiken sarki, mai sayar da magani, dillalin auduga, duk a kansa suka yi rayuwa. Wanda ba shi da nasa kuma sai ya je wurin mai keken haya ya biya na awa.

A nan ne mai gyara ya shigo, kuma a ganina shi ne magajin Woodhead da Angois na gaskiya. Kamfani ya ƙera keke sau ɗaya, mai gyara a gindin bishiya ya sake ƙera shi sau goma: ya yi faci, ya ɗaure sifok, ya zuba boris da giris, ya ciro feda daga wani mataccen keke ya dasa. Keken da ya kai shekara hamsin yana aiki, rabin yabon na masana'anta ne, rabi na wannan bawan Allah da ba a rubuta sunansa a goshin komai ba.

Daga baya kuɗin Rale ya fi ƙarfin talaka. Indiya da Sin suka ɗauki fasalin nan nasa, baƙin fenti da birkin ƙarfe da komai, suka riƙa yi da araha, Hero daga Indiya, Phoenix daga Shanghai. Sai kuma kekunan gwanjo da ake saukewa a tashar ruwan Kwatano, sai babura, har 'yan zem, wato masu haya da babur, suka cika titunan Parakou. A Nottingham ma an daina ƙera keke a 2002. Wani sashe na filin masana'antar yanzu harabar Jami'ar Nottingham ce, sunan Raleigh kuma wani kamfanin Holan mai suna Accell ya saye shi a 2012.

Tambayoyi

1. A ina Frank Bowden ya yi arzikinsa na farko, kuma ta wace hanya?
2. Su wa suka buɗe maƙerar titin Raleigh a 1885, kuma wace sana'a suka baro?
3. Wane sauyi keken Rover ya kawo? Wane sauyi Dunlop ya kawo?
4. Me ya faru ran 14 ga Yuni, 1898, kuma yaya ya shafi irin kayan da ake sayarwa a Parakou da Djougou?
5. Ku tattauna a tsakaninku: da kai ne Woodhead, wane sharaɗi za ka nemi a rubuta kafin ka karɓi kuɗin Bowden? Wanda ya taɓa haɗa jari da wani ya ba aji labari, ba tare da ambaton suna ba.

Lissafi

1. An haifi Bowden a Janairu 1848, ya rasu a Afrilu 1921. Shekara nawa ya yi a duniya? Shekarar Harold nawa lokacin da ya gaje shi?
2. Maƙera na fitar da keke 3 a mako. Keke nawa ke nan a shekara mai mako 52?
3. An kasa wani kamfani kashi 10,000. Mutum ɗaya na da 5,000, mutum biyu sun raba sauran daidai. In an ci ribar sefa 800,000, nawa kowannensu zai samu?
4. Tsakanin Parakou da Djougou kimanin kilomita 135 ne. In mai keke na cin kilomita 15 a awa, awa nawa zai yi a hanya, ban da tsayawar salla da cin abinci?

Aikin gida

Ku je wurin dattijo ko dattijuwa a unguwarku, ku gaishe su, ku tambayi wanda ya fara shigowa da keke gidansu: wane iri ne, daga ina aka sayo shi, da wane kuɗi aka biya, me ake ɗauka a kansa. Ku rubuta amsar cikin jimla biyar zuwa goma. Wanda ya samu tsohon keke mai tambari ya kwafi duk rubutun da ke jikin tambarin, harafi bayan harafi, ya kawo aji ranar haɗuwa ta gaba.